Talla a Damagaram: tambayoyin da ƴan kasuwa ke yawan yi wa masu shirya talla

Waɗannan tambayoyi su ne ke ta dawowa daga bakin masu kanti, masu gidan burodi, masu ruwan leda, masu makarantun kuɗi, da matan da ke sayar da alkaki da turaren wuta ta waya, duk sa'ad da maganar talla ta taso. An sa musu lamba don wata amsar takan tura ka zuwa wata. Wanda ke sauri ya fara da ta 4, ta 5 da ta 7, don nan ne kuɗin mutane ya fi zubewa a banza.

1. Mene ne aikin kamfanin talla, tunda ni ma na san hanyar gidan rediyo?

Gidan rediyo lokaci yake sayar maka, mai buga allo kuma allo yake sayarwa. Babu ɗayansu da aikinsa ne ya zaunar da kai ya tambaye ka wa kake so ya saya, me ya hana shi saye har yau, kuma wace magana guda ce za ta raba shi da inda ya saba. Wannan zaman shi ne aikin kamfanin talla, wanda a nan aka fi kira ajans. Rubutu, ɗaukar murya, zane da neman lokaci a rediyo duk bayansa suke biyowa.

A garin nan ajans ba lalle ya zama ofis mai bene ba. Sau da yawa mutum uku ne ko huɗu: mai rubutu, mai zane a kwamfuta, mai kyamara, da wanda ya saba da ma'aikatan gidajen rediyo. Manyan kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa da Zamani cibiyarsu na Yamai, daga can tallansu ke fitowa. Ƙananan ajans na gida da ƴan kasuwar gari suke aiki. In kuwa sanarwar ɗaurin aure ce ko ta buɗe shago ranar Juma'a, Alhaji, kai wa rediyo da kanka, ba ka buƙatar kowa.

2. Mene ne bambancin talla guda da gangamin talla?

Talla guda sau ɗaya yake magana. Gangami kuwa dabara ɗaya ce da ake maimaitawa ta hanyoyi dabam-dabam na tsawon makonni, har mutum ya ji farkon maganar ya ƙarasa ta da kansa. Murya ɗaya, launi ɗaya, alkawari ɗaya, a rediyo da allo da waya.

Misalai biyu sun isa. A 2011 kamfanin Coca-Cola a Ostiraliya ya fara buga sunayen mutane a jikin kwalba, dabarar ta zaga ƙasashe da dama, kowace ƙasa da sunayenta. Lemon bai canza ba, amma mutane suka riƙa tonon firji suna neman sunan ƙanwa ko na aboki. A 2013 kuma, da Najeriya ta ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da rasa lambarsu ba, sai ga Saka, ɗan wasan barkwancin da aka saba gani a tallan Etisalat, ya fito a tallan MTN yana rawa yana shelar ya ƙaura. Ba a yi dogon bayani kan sabon tsarin ba, ganin mutumin a gidan kishiya ya wadatar. Duka biyun ana iya faɗin dabararsu a numfashi ɗaya. In ajans ya kasa gaya maka tasa dabarar haka, bai gama tunani ba, kada ka biya kuɗin ɗaukar hoto tukuna.

3. Me zan zo da shi a zaman farko?

Kayan da kansu, farashinsu na gaskiya, da farashin wanda kuke gogayya da shi. Sannan amsar tambayoyi uku: wa ke saye yanzu, wa ke yanke shawarar sayen, kuma wane ƙorafi ka fi ji. Na biyun yana da muhimmanci, don sau da yawa mai gida ke ba da kuɗin cefane amma uwargida ke faɗin sunan man girki ko sabulun da za a sayo, yaro kuma shi ake aikawa kanti. Mutum uku ke nan, kowanne da abin da ke jan kunnensa.

Ka faɗi iyakar kuɗinka tun farko. Ɓoye shi don kada a cuce ka yakan sa a shirya maka abin da ba za ka iya watsawa ba (duba tambaya ta 11). Kuma ka tabbata kana da kaya isassu. Talla ya yi kyau, mutane su zo su tarar babu, wannan ya fi rashin tallan muni.

4. Rediyo, allo ko WhatsApp: wanne ya fi aiki a nan?

Damagaram da kunne take saye. Mutane da yawa ba su karanta boko sosai, waɗanda ke karantawa ma saƙon murya suka fi turawa. Don haka duk gangamin da za a shirya, a fara da abin da za a ji, abin da za a gani ya biyo baya. Rediyo har yanzu shi ya fi nisan zango: Muryar Sahel, Anfani, Shukurah da sauran tashoshin gari, ga kuma rediyoyin karkara ga mai son kai maganarsa ƙauyukan Mirya, Magarya ko Matamaye. Gajeren talla da ake maimaitawa kullum a lokaci ɗaya ya fi dogo da ake sawa jefi-jefi. Ɗaukar nauyin shirin da mutane ke jira, kamar na gaishe-gaishe, yakan fi duka, don mai gabatarwa zai ambace ka da muryar da aka riga aka yarda da ita.

Allo tunatarwa ce kawai. Wanda ke bayan kabu-kabu daƙiƙa biyu ko uku yake da su, don haka suna, hoton kaya da kalmomi kaɗan sun isa. Allon da aka cika da lambobin waya uku da jerin kaya ashirin mai shi kaɗai ke karanta shi. A tuna kuma rana da ƙurar hunturu na cinye launi, musamman in bugun mai arha ne. Mota mai lasifika ba ta tsufa ba, in dai an daidaita ta da ranar kasuwa: Alhamis a nan, Lahadi a Mirya.

WhatsApp shi ne wurin da ciniki ke ƙarewa. Abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka yana son sabuntawa kullum. Bidiyo ya zama gajere marar nauyi, don mutane na tsimin megarsu, wanda ya ga fayil babba ba zai buɗe ba. Facebook na ba da damar biyan kuɗi a nuna tallanka ga mutanen gari guda da masu shekarun da ka zaɓa, sai dai yana son katin banki, kuma ya fi kama ma'aikata da ɗaliban Jami'ar André Salifou fiye da matan cikin gida. Yadda za ka gane wacce hanya ta kawo maka mai saye yana tambaya ta 12.

5. Da wane harshe za a yi, kuma wace Hausa?

Hausa, kuma a rubuta shi da Hausa tun daga tushe. Tallan da aka tsara da Faransanci a Yamai ko Abijan sannan aka juya shi, kunne na gane shi nan take: jimlolin sun yi tsawo, barkwancin ya mutu a hanya. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma kasuwar Dole ba ta jira wannan ba. Faransanci yana da wurinsa a takardar da za a kai ofis, ko tallan makarantar da ke neman ƴaƴan ma'aikata. Mai nufin Gure ya ƙara Barbarci, mai nufin Tanut ya tuna da Buzaye da Fulani. Ajami kuma kada a raina shi, akwai dattawa da almajirai da yawa da shi ne karatunsu.

Hausar Kano kowa na jin ta saboda finafinai, amma jin magana dabam, jin cewa da kai ake yi dabam. Muryar ɗan gari, da kalmomin da ake faɗa a gari, ita ke sa mutum ya ji kayan na kusa da shi ne.

Babban tarko shi ne farashi. A takarda da sefa ake rubutawa, a baki da dala ake ƙirgawa, kowace dala sefa 5. Abin da aka rubuta 250 F, a kasuwa dala hamsin ne. In mai karanta talla ya ce «ɗari biyu da hamsin», mai sauraro zai lissafa 1.250 F, ka ninka wa kanka tsada sau biyar da kuɗinka. A rubuta wa mai murya farashin da kalmomi yadda ake faɗinsa, dala kaza ko jaka kaza, kada a bar shi da alƙaluma.

6. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Lokacin da kuɗi ke hannun mutane, ko kaɗan kafin su yanke shawara. Mai yadi da takalma ya fara tun farkon azumi, don zuwa goman ƙarshe teloli sun daina karɓar ɗinki. Mai sukari, dabino da ƙanƙara tun Sha'aban. Kafin Babbar Sallah hankali na kan rago, amma nan ne kasuwar mai gawayi, mai kayan yaji da mai firji. Makarantu su yi magana a Satumba kafin komawa lakwal a Oktoba. Bayan kaka, in an sayar da wake, gyaɗa da riɗi, ƙauye na da kuɗin babur, kwanon rufi da kayan ɗaki, bukukuwan aure kuma na yawaita. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, fanka, sola da ruwan sanyi su ke sayar da kansu.

Watannin Musulunci na matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, don haka tsarin bara ba zai zauna daidai a bana ba. Kuma a azumi kowa na neman lokacin gab da buɗa-baki a rediyo, wanda ya makara sai ya ɗauki abin da ya rage.

7. Za mu iya amfani da al'adun gari, kamar hawan sallah, kokowa ko kiɗan fada?

Ana iya yi, kuma nan ne talla mafi daɗi ke fitowa, amma al'ada ba kayan kowa ba ce, kowace da masu ita. Tambari, kakaki da algaita na sarauta ne. Kirarin Sarkin Damagaram, tun daga na su Tanimun, ba a ɗora shi a kan buhun shinkafa. Mai son ɗaukar hoto a ƙofar fada ko lokacin hawan sallah ya nemi izini ta hanyar da ta dace, kuma ya yarda in an ce a'a. Hawan ƙaho na mahauta ne, da shugabanninsu. Zanen bangon tsofaffin gidajen Birni abu ne mai kyau ga mai zane ya ɗauki salo daga gare shi, ya fi kwaso hoton benayen Dubai daga intanet nesa ba kusa ba, amma gidan da za a nuna yana da mai shi, a yi masa sallama.

Kokowa ta fi sauƙin shiga. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, jihohi na karɓa bi da bi, kuma kamfanoni sun saba ɗaukar nauyinta. Misali mai kyau na gida shi ne na ƙungiyar Animas-Sutura. Abin da take son tallatawa, kwaroron roba, ba a iya ambatonsa a gaban surukai. Sai ta sa masa suna Foula, da alamar malafar da ke kare mutum daga rana, ta shigar da maganar cikin wasan kwaikwayo na rediyo, ta kuma jawo ƴan kokowa. Ba wasa da al'ada aka yi ba, an nemo a cikinta hanyar faɗin abu mai nauyi ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da taubasai, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, taska ce ga mai rubuta tallan rediyo. Babarbare da Bafulatani su haɗu a kanti, ai dariya ta samu tun kafin a ambaci kaya. Sharaɗin shi ne kowa ya rama. In ɓangare ɗaya kaɗai ke shan tsiya har talla ya ƙare, ya tashi daga wasa ya koma gori. Haka wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon manya: gari ya yarda da shi a lokacinsa da filinsa, amma kwaikwayon wani shugaba don sayar da kaya wani abu ne dabam.

8. Ina iyaka a maganar addini da kunya?

Aya da hadisi ba su shiga talla, kuma ba a buga su a leda ko takardar da za ta ƙare a bola. Kada a sa kiɗa a ƙarƙashin addu'a, kada mota mai lasifika ta bi ta gaban masallaci lokacin salla. Barka da shan ruwa ko barka da sallah daga kanti ba laifi, wannan gaisuwa ce. Rantsuwa da Allah a kan ingancin kaya kuwa a bar ta.

Shigar mata da maza a hoto ta zama irin wadda ake fita da ita a gari. Kafin a watsa, a kunna wa dattijo ɗaya da uwa ɗaya su ji. In ɗayansu ya sunkuyar da kai, a koma a gyara.

9. Wani abu na tashe a TikTok. Mu hau kai?

Ya danganta da abu biyu: saurinka da asalin abin. Yayin TikTok kwanaki yake yi. In sai an yi zama uku kafin Alhaji ya amince, lokacin da bidiyon zai fito samarin majalisar hira sun riga sun koma wani, kai kuma ka zama mai ba da tsohon labari. Don haka yayi na ƙaramin bidiyo ne mai arha da za a ɗauka yau a saki yau. Ba a gina gangami a kansa, ba a buga shi a allon da zai yi wata shida a titi.

Sannan a binciki inda ya samo asali. Wata kalmar da ke ba kowa dariya daga faɗan wasu ta fito, ko daga abin kunyar da ya faɗa wa wata baiwar Allah, ko daga siyasa. A Afrilun 2017 Pepsi ta saki talla inda Kendall Jenner, fitacciyar mai tallan kayan sawa ta Amurka, ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo a tsakiyar zanga-zanga, a lokacin da baƙaƙen fatar Amurka ke zanga-zangar gaske kan kisan da ƴan sanda ke yi musu. Washegari kamfanin ya janye shi ya ba da haƙuri. A ra'ayinmu duk abin da ya taɓa siyasa, tsaro ko rasuwa, ɗan kasuwa ya bar shi ya wuce, ko da kowa na yi.

10. Yaya ake aiki da masu tashe a TikTok da Facebook?

Kada yawan mabiya ya ruɗe ka. Tambaya ita ce ina mabiyan suke. Mai dubban ɗaruruwa da yawancinsu ke Kano, Agadas ko Libiya ba zai cika maka shago a Zango ba. Ka ce ya buɗe maka shafin ƙididdigarsa a wayarsa ka gani da idonka, kada ka karɓi hoton da aka turo. Hajiyar da matan unguwa ɗari biyu ke duba sitatus ɗinta kullum na iya fi shi amfani ga mai kayan mata.

A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: bidiyo nawa, yaushe, kwana nawa zai zauna kafin a goge, ko kana da ikon sa shi a naka shafin, da tsawon lokacin da ba zai tallata abokin gogayyarka ba. Labarin Saka a tambaya ta 2 daɗi ne ga wanda ya karɓa, ga wanda aka bari fa? Ka bar shi ya yi magana da salonsa, amma farashi da alkawari kai ke rubutawa.

11. Me ake biya, kuma na wa ne aikin in an gama?

Kuɗin kashi uku ne: na tunani da rubutu, na haɗawa, wato murya, hoto da bugu, sai na watsawa. A nemi takarda da ta raba su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙarar da kuɗi wurin haɗa bidiyo mai kyau, a rasa na watsa shi. Kaso mafi girma na watsawa ne. Ana ba da kafin alƙalami, a cika in an miƙa aiki, kuma a faɗi sau nawa za a yi gyara kyauta.

A rubuta cewa ainihin fayilolin tambarinka da na murya naka ne bayan biya. Waƙar wani mawaƙi ko ta fim ba ta zama taka don ka same ta a waya. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa a Nijar, kuma Facebook da TikTok kan kashe sautin bidiyon da aka kai ƙararsa. Sa mawaƙin gari ya yi maka taka ya fi kwanciyar hankali. Suna da tambari kuma a OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, ake rajistarsu, mai cibiya a Yawunde, rajista ɗaya na aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, don haka mai kai kaya Daura ko Kano sai ya yi tata rajistar dabam.

12. Ta yaya zan san tallan ya yi aiki?

Ba da yawan masu danna alamar so ba, ba kuma da abokan da suka kira suka ce sun ji ka a rediyo ba. Ka rubuta cinikin makonni kaɗan kafin a fara, ka ci gaba da rubutawa lokacin gangamin da bayansa. Yaron shago ya riƙa tambayar sabuwar fuska: a ina kika ji labarinmu? Ya ja layi a littafi. Ana iya sa lambar waya dabam a rediyo, dabam a allo, ko a ce wanda ya faɗi kalma kaza za a rage masa dala biyar.

A yi adalci wurin kwatantawa. Cinikin makon sallah zai tashi ko da talla ko babu, don haka da sallar bara ake auna shi, ba da watan da ya gabata ba (duba tambaya ta 6).

13. Basirar na'ura, wato AI, ba za ta yi mini duk wannan kyauta ba?

Tana taimakawa wurin gwada zane da goge bayan hoto. Amma Hausarta ba ta gari ba ce, ba ta san lissafin dala ba, takan zubar da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ a rubutun cikin hoto, mutanen da take zanawa kuma shigarsu ba ta nan ba ce. Duk abin da ta fitar ɗan gari ya karanta shi da ƙarfi kafin a buga. Kwaikwayon muryar wani malami, ɗan jarida ko mawaƙi da na'ura ba tare da izininsa ba, wannan ha'inci ne, kada ajans ya yi maka shi ko da ka roƙa.

14. Akwai abin da doka ta hana? In talla ya jawo surutu fa?

Dokar 2006 ta yaƙi da shan taba ta hana tallan taba a Nijar. Magani ba a tallata shi kamar sabulu, kuma alkawarin warkar da ciwon suga, hawan jini da rashin haihuwa da kwalba ɗaya na iya jawo wa mai kaya da gidan rediyon matsala tare. Kafa allo a bakin titi da yawo da lasifika na son izinin ma'aikatar magajin gari, akwai kuma harajin da ake biya. Hoton yaro sai da yardar iyayensa, a rubuce.

In surutu ya tashi, a dakatar da tallan a ranar, a kira gidajen rediyo, a goge na shafuka. Wanda aka ɓata wa rai, in sananne ne, mai kayan ya je da ƙafarsa tare da dattijon da ake jin nauyinsa, kada ya aika yaron ajans. Bayan haka a saki gajeren saƙon murya na ban haƙuri da muryar mai kayan, a tura shi ta zaurukan WhatsApp ɗin da maganar ta bi, kuma kowa a shagon ya daina mayar da martani a ƙarƙashin bidiyon.